Kantar Sabulu: Tarihin Wurin Wanka a Sabon Gari da Samaru

Kantar sabulu ita ce farar dauɗar nan mai ɗan toka-toka da ke danƙarewa a daɓen banɗaki, a gindin bango, a cikin baho da jikin ƙofar gilashi, wadda ruwa kaɗai ba ya fitar da ita. A jiƙe tana da yauƙi, in ta bushe sai ta yi kaushi kamar an goga alli. Ba ta da tsayayyen suna guda a bakin mutanen Zariya: wani ya ce dattin sabulu, wani ya ce banɗaki ya yi kanta, wani ya ce gilashi ya dushe. Rashin sunan ba abin mamaki ba ne, domin dauɗar baƙuwa ce. Sai abu uku sun haɗu take samuwa, wato sabulu, da ruwa mai ɗauke da sinadaran ƙasa, da daɓe ko bangon da ba ya shan ruwa. Biyun farko sun daɗe a ƙasar Zazzau. Na ukun jirgin ƙasa ne ya kawo shi, kuma a wajen ganuwar birni ya fara sauka, a Sabon Gari, daga baya a Samaru.

Sabulu mai ne ko kitse da aka dafa da ruwan toka ko soda har ya sauya hali, ya zama abin da ke narkewa a ruwa yana kama maiƙo. Ruwan rijiya da na kogi kuwa, a hanyarsa ta ratsa ƙasa da duwatsu, yakan kwaso kalsiyam da magnisiyam. Da zarar sabulu ya gamu da waɗannan biyun, wani kaso nasa sai ya koma wani abu mai kama da kakin zuma wanda ba ya narkewa. Shi ne ke yawo a saman ruwan bokiti kamar gutsattsarin kindirmo, shi ne kuma ke maƙalewa a bango ya kama dauɗar jiki, man shafawa, gashi da ƙura. Matan da ke wanki sun san wannan tun kafin a yi masa bayani a aji. Sun san rijiya mai zartsi tana cin sabulu ba kumfa, sun san ruwan sama yana kumfa da ɗan kaɗan har mutum ya yi ta ɗauraya santsi bai tafi ba. Da wannan lura ce Thomas Clark, malamin kimiyya a Aberdeen ta ƙasar Sikotlan, ya fito da ma'auninsa a 1841: a ɗiga ruwan sabulu cikin ruwan da ake gwadawa, a girgiza, a ƙirga yawan da aka zuba kafin kumfa ta tsaya. A ma'aunin da aka fi amfani da shi yau, ruwan da sinadaransa ba su wuce miligiram 60 a lita ba mai sauƙi ne, wanda ya haura 180 kuwa ya kai matuƙar nauyi.

A tsohon gidan Bahaushe babu inda wannan dauɗa za ta zauna. Makewayi yana can ƙuryar gida, bayan ɗakuna, an kewaye shi da katanga ko danga ko zana, sama a buɗe. Gefe guda salga, gefe guda wurin wanka, wanda bai wuce faffaɗan dutse ko biyu da aka girka kan tsakuwa ko fasassun tukwane ba. Mai wanka ya shigo da ruwa a ƙwarya ko kasko, ya tsuguna kan dutsen, ya cuɗa da soso, ya ɗiba ya zuba. Ruwan ƙasa ke shanye shi, abin da ya rage ya bi rariya ya fita bayan gida. Kafin wani ya shigo rana ta busar da wurin. Matsalolin irin wannan makewayi daban suke: zarni, domin a nan ake fitsari, da gansakuka a damina, da taɓo in rariya ta toshe, da gindin katanga da ruwa ke ci har a yi ta yaɓe duk shekara. Maganinsu toka, sabon yashi da tsintsiya. Ko daɓen da mata ke yi a ɗakuna, wanda ake bugawa da madaɓi a shafe da makuba, ba a cika kai shi wurin wanka ba, don ba zai jure ruwan kullum ba.

Yadda ake wankan ma yana da nasa tasiri, kuma bai canza ba har yau. Wankan Bahaushe na zubawa ne, ba na shiga cikin ruwa a zauna ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zauruka, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, sun shardanta cewa ruwan tsarki shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita da wani abu na daban ba. Ruwan da sabulu ya gauraya da shi ya fita daga wannan sahu. Saboda haka aka saba a raba wankan soso da sabulu da wankan ibada, a kuma kiyaye kada kumfa ta faɗa cikin ruwan ɗauraya. Wanda ya tashi a kan wannan tarbiyya, in ya ga mutum kwance cikin ruwan da ya wanke dauɗarsa a ciki, ba tsafta zai gani ba.

Sabulun wancan zamani shi ne sabulun salo, baƙi, mai laushi, sana'ar mata. Kalmar sabulu daga Larabci ta shigo, alamar cewa abin ya daɗe yana bin ayarin fatake. Ana ƙona karan dawa ko na gero ko wasu itatuwa, a zuba tokar a tukunya mai huda, a tsiyaye ruwanta, a dafa shi da man kaɗe ko kitse ko manja, a yi ta juyawa har ya kama jikinsa, a dunƙula. Wani kuma daga ƙasar Nufe da ta Yarbawa ake kawo shi. Irin wannan sabulu yakan zo da ragowar kaifin toka a jikinsa, kaifin nan kuma yana kwantar da wani kaso na kalsiyam ɗin ruwa kafin ya ci sabulun. Aikin da kanwa ke yi ke nan in an jefa ta a ruwan wanki. Ba wai sabulun salo ba ya barin dauɗa sam ba ne. Yana bari, sai dai a ƙasa take zuba, ƙasa kuma ba ta nunawa.

Turawan Ingila sun kafa sansani a Zariya a farkon shekarun 1900. Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da na Legas. Daga Zariya aka ja ƙaramin layi zuwa ƙasar kuza ta Jos, aka kuma ja wani da ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Garin ya zama mahaɗar jirage, kuma a gefen tasha aka yanka filaye aka zaunar da ma'aikatan reluwe, akawuna, masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, galibinsu daga kudu da sauran ƙasashen bakin teku, tare da Hausawa da Nufawa da suka biyo aiki. Wannan shi ne Sabon Gari. An shata shi layi-layi, sunayen wasu titunansa irin su Lagos Street da Benin Street suna nuna inda mazaunan farko suka fito. Filayen ƙanana ne, mutane da yawa, don haka aka samu gidan haya: ɗakuna a jere suna fuskantar juna, tsakar gida guda, rijiya guda, sai bayi da wurin wanka a can ƙarshe, na kowa da kowa.

A irin wannan gida ƙasa ba za ta iya shanye ruwan wankan mutum ashirin ko talatin ba. Ga kuma doka. Dokar garuruwa da dokar lafiyar jama'a, duka na 1917, sun sa Sabon Gari ƙarƙashin sa idon hukumar bariki, ba kamar birni da ke hannun Sarki da En'e ba. Duba-gari yana shiga gida ba sallamar kirki, ya leƙa randa ya nemi 'ya'yan sauro, ya duba kwata, in ya ga ruwa kwance ya rubuta sammaci. Tsoron zazzaɓin cizon sauro da shawara ne ya sa Turawa wannan tsanani, shi ne ma ya sa suka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. Mai gidan haya da ke son zaman lafiya da duba-gari sai ya shafe wurin wanka da siminti, ya karkata shi zuwa rariya, ya ja lambatu zuwa titi. Simintin daga Ingila yake zuwa cikin ganguna, don sai a 1957 aka fara yin sa a Nijeriya, a Nkalagu, na Kalambaina ta Sakkwato kuma ya biyo baya bayan shekara goma. A kan wannan daɓen siminti, cikin ɗan ɗaki mai rufin kwano da rana ba ta shiga, kantar sabulu ta fara bayyana a Zariya. Tana haɗuwa da gansakuka ta zama santsi mai kayar da mutum. Daga nan aka samu tsarin da gidajen haya ke bi har gobe, na wankin bayi bi da bi, ɗaki bayan ɗaki, da guntun tsintsiyar kwakwa da toka da yashi. Rigimar waye bai yi nasa ba ta girmi yawancin gidajen da ake yin ta a cikinsu.

Jirgin da ya kawo siminti shi ya kawo sabulun kanti. Kamfanonin da ke sayen gyaɗa, auduga da fatu, irin su John Holt, GBO, CFAO da kamfanin Neja wanda ya narke cikin UAC a 1929, sun buɗe kantuna kusa da tasha, suna sayar da atamfa, gishiri, kananzir, kwanonin sha da sabulu. Ɗaya daga cikinsu, Paterson Zochonis, ya bar sunansa a garin: har yau cibiyar bankuna da shagunan Sabon Gari PZ ake ce mata, ko da yake da yawa daga masu faɗin sunan ba su san na kamfani ba ne, balle su san kamfanin ya shahara da sabulu. Ya sayi masana'antar sabulu a Aba a 1948, ya kuma haɗiye kamfanin Cussons na Ingila a 1975. Abokin gogayyarsa Lever, mai sabulun Sunlight, ya riga shi, don tun farkon shekarun 1920 ya kafa masana'anta a Apapa. Manja da man ƙwarar kwakwar da jirgin ruwa ke kwasa ne ake mayar da su sanda-sanda, a hau da su arewa, 'yan tireda su yanka da zare su sayar gutsure-gutsure. Sabulun sanda da soda ake yin sa, yana da tauri, yana jimawa, ba ya narkewa a hannu kamar na salo. Amma manja da kitse suna da irin maiƙon da in ya gamu da kalsiyam yake ba da dauɗa mafi tauri da naci. Sabulun da ya fi kyan gani shi ya fi ɓata daɓe.

A gidajen Turawa na farko babu famfo. Boyi ke dafa ruwa a garwar kananzir, mai cin galan huɗu, ya juye a bahon kwano, Bature ya shiga ya zauna, in ya fito a kinkimi bahon a zubar. A jikin wannan baho ake ganin zoben dauɗa daidai inda ruwa ya tsaya, kuma goge shi na cikin abin da ake gwada ƙwazon boyi da shi. Hodar Vim, wadda Lever ya fito da ita a 1904, don irin wannan aiki aka yi ta: garin dutse ne mai laushi da ɗan sabulu, wato toka da yashin Bature a cikin gwangwani. Zariya ta samu ma'aikatar ruwan famfo a 1939 daga kogin Galma, kuma unguwar Turawa, bariki da reluwe ne suka fara amfana. Talakan Sabon Gari famfon kan titi ya samu, ko ya saya wurin 'yan ga-ruwa.

Samaru tarihinta daban ne. Tana kan hanyar Funtuwa da Sakkwato, kilomita goma sha wani abu daga birni, kuma aikin gwamnati ne ya raya ta. A 1922 Ma'aikatar Gona ta Lardunan Arewa ta kafa tashar bincike a wurin. A shekarun 1950 aka gina reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda harabarta ta zama mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426. Gidajen malamai, a Area A da BZ da sauran unguwannin jami'a, an gina su ne bisa tsarin gidan Ingila: banɗaki a cikin gida, masai na tangaran mai ja da ruwa, wurin wanke hannu, farin tayil zuwa rabin bango, da dogon baho na ƙarfen zubi da aka lulluɓe da farin enamel, irin na jikin kwanon sha. Ɗakunan kwanan ɗalibai, su Amina, Ribadu, Suleiman, Akenzua da Danfodio, aka yi musu shawa a jere. Dubban 'yan arewa a nan suka fara tsayawa ƙarƙashin ruwa mai zubowa daga sama ba damina ba. Shawa ta karɓu nan da nan, don zubawa ce, ba ta saɓa wa komai ba. Baho kuwa bai taɓa karɓuwa a yadda masu shi suka nufa ba. Da malamai 'yan ƙasa suka gaji gidajen, sai aka riƙa sa bokiti a cikin bahon, a tsaya ko a tsuguna a zuba. Zoben nan na bahon Bature bai fito ba; a maimakonsa dauɗar ta bazu a gindin bahon da bangon da ke gefensa, iya inda ruwan kofi ke fantsama. Mai jego ma, da wankanta na tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana arba'in, wanda likitocin asibitin koyarwa na jami'ar, Davidson da Parry, suka yi nazarin alaƙarsa da ciwon zuciya a shekarun 1970, ba ta da abin yi da dogon baho. Kujera 'yar tsugune da babban daro take bukata.

A ɗaya gefen titin, daura da jami'a, garin Samaru ya cika da masinjoji, direbobi, kuku, masu shara, leburorin gona, daga baya ɗaliban da ba su samu gado a ciki ba. Hayin Dogo, Danraka, Zango, Palladan da Bomo suka tumbatsa da gidajen haya irin na Sabon Gari. Mace ɗaya takan goge farin tayil a gidan malami da safe da hodar gwangwani, da yamma ta dawo ta kankare daɓen siminti da toka.

Ruwa ne ya sauya komai daga baya. Jami'a ta datse rafin Kubanni a farkon shekarun 1970 don ta sha da kanta, gari kuma ya samu sabuwar madatsa da matatar ruwa a 1975. Jama'a suka ninka, bututu suka tsufa, wutar lantarki ta zama sai an gani. Shekaru masu yawa ƙarancin ruwan Zariya ya zama abin faɗa a kowane yaƙin neman zaɓe. An ba da kwangilar sabuwar matatar ruwa a 2008, wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana, ga kuma babbar madatsa a kan Galma, aka ƙaddamar da aikin kashi-kashi a 2017 da 2019. A tsawon wannan jira kan shawa ya yi tsatsa a gidaje da yawa, dogon baho ya koma randa, a toshe shi a tara ruwa ranar da famfo ya kawo. Mutane suka koma rijiya, burtsatse da jarkokin 'yan ga-ruwa. Kantar sabulu kuwa ba abin da take so irin ƙarancin ruwa, domin wanda ya sayi jarka da kuɗinsa ba zai ƙarar da rabin bokiti wajen ɗauraye bango ba.

Zariya tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo a Kufena, ba kan farar ƙasa irin ta Kalambaina ko Ashaka ba. Saboda haka ruwanta a galibi bai kai nauyin na wuraren farar ƙasa ba, sai dai rijiya ta bambanta da rijiya, kuma a ƙarshen rani, in ruwa ya ja baya, zartsi yakan ƙaru. Abin da ƙasar ke da shi a yalwace shi ne jan marmara mai ƙarfe. Ruwan da ya kwaso ƙarfe yakan fito garau, in ya sha iska sai ya bar jan tabo. Ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga man shafawa mai kauri irin su basilin da man kaɗe da ake laftawa saboda bushewar fata, wanda wankan gobe zai sauke a daɓe. Shi ya sa kantar banɗakin Zariya ba fara fat ba ce kamar ta littafi. Ruwan ƙasa-ƙasa ce, wani wuri ja-ja, kuma maiƙo ya fi yawa a cikinta. Wannan bambanci yana da amfani ga mai wankewa, don maganin maiƙo daban, na alli daban, na tsatsa daban.

Garin wanki ya shigo Nijeriya da ƙarfinsa a shekarun 1960, kuma sunan Omo ya zama sunan kowane iri, kamar yadda ake ce wa duk ɗanɗanon miya magi. Asalin irin wannan sinadari Jamus ne, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kitse ya yi ƙaranci. Amurka ta yaɗa shi da fitowar Tide a 1946. Fifikonsa shi ne kalsiyam ba ya kashe shi, yana kumfa a ruwan zartsi, ba ya barin kanta. Omo da burushi suka zama kayan wankin bayi na kowane gida, toka ta ja baya. A shekarun 1980 aka sake juyawa. Ƙarancin kayan masarufi na 1984 ya sa mutane bin layi don sabulu da omo, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sai sabulun soda na gida ya cika kasuwannin Sabon Gari da Samaru, ana yin sa da manja da soda mai ƙuna, wani har yana cin hannu. A daidai wannan lokaci gwamnatin soja ta shigo da tsaftar muhalli cikin yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985, aka ware safiyar Asabar ta ƙarshen wata. Lambatu da bola aka nufa, amma a gidajen haya da yawa ranar ta zama ta babban wankin bayi.

Daga farkon shekarun 2000 tayil ya yi araha, da farko na Sin, bayan na Italiya da Sifen da sai masu hali, daga baya na masana'antun Ajakuta da jihar Ogun. Ɗaki mai banɗakinsa a ciki ya zama abin da ɗalibi da amarya ke nema, masu gidaje a Samaru, Hanwa da Dogarawa suka bi kasuwa. Otal-otal da manyan sababbin gidaje suka ƙara da akwatin wanka mai ƙofar gilashi. Gilashi shi ne mafi tonon asiri a duk abin da aka taɓa sa wa wurin wanka: kowane ɗigo da ya bushe a kansa sai ya bar shaida. In an bar dauɗar ta yi watanni, sinadaran sukan ci fuskar gilashin kanta, ya dushe dushewar da babu abin da zai dawo da shi.

Hanyoyin cire kantar sun taru ne bisa juna, sabo bai kori tsoho ba. Mafi tsufa ita ce kankara, da yashi, toka, soson buhu, soson ƙarfe ko hodar gogewa. A daɓen siminti ba ta da laifi. A tayil mai sheƙi, bahon roba da gilashi kuwa ɓarna ce, domin ƙananan ƙarce da take bari su ne matattarar dauɗar gaba; tsofaffin bahunan da suka yi baƙi a gindi, yawanci yashi ne ya cinye enamel ɗinsu. Ta biyu ita ce narkar da maiƙo, da omo, sabulun wanke-wanke na ruwa, kanwa ko bekin soda, kuma ruwa mai ɗumi yana ninka aikinsu. A nan al'ada takan sa baki, don mutane da yawa ba sa yarda su sheƙa tafasasshen ruwa a makewayi ko rariya saboda tsoron taɓa aljanu, sai an sirka. Sirkakken ma ya wadatar. Ta uku ita ce tsami. Lemun tsami, ruwan tsamiya da ruwan khal, wanda asid ɗinsa yakan kai kamar kashi 5 cikin ɗari, suna raba kalsiyam da maiƙon da ya riƙe, su narkar da alli, su sassauta jan tabon ƙarfe. Sharaɗinsu haƙuri: a shafa, a bari ya jiƙa kamar minti goma ko sha biyar, a goge da soso mai laushi, a bi da omo don kwashe maiƙon da ya saki, a ɗauraye, a tsane. Masu haɗa khal da bekin soda a kwano guda suna jin daɗin ganin kumfa, alhali junansu suka kashe. A jere ake amfani da su, ba a gauraye ba.

Tsami yana da inda ba ya shiga. Marmara ta ado da daɓen tarazo, wanda ya cika gine-ginen gwamnati da na jami'a na shekarun 1960 da 1970, dangin farar ƙasa ne, asid yana cin su ya bar tabo mai kaushi. Ɗanyen asid da masu sa tayil ke wanke siminti da shi, wanda wasu ke saya a jarka don wankin banɗaki, yana haskaka tayil a rana ɗaya, amma yana cinye simintin da ke tsakanin tayil, ya ɓata kan famfo, ya ƙona hannu da huhu. Bilic irin su Hypo da Jik yana kashe ƙwayoyin cuta da baƙin fumfuna, yana faranta dauɗa, amma ba ya narkar da ita, kamar yadda Izal da Dettol ke kashe wari su bar kanta inda take. Haɗari mafi girma shi ne gauraya bilic da mai tsami, ko khal ne ko ruwan wanke masai irin Harpic. Haɗin yana tayar da iskar kulorin, wadda a ɗan banɗaki marar taga take iya shaƙe mutum kafin ya kai ƙofa.

Rigakafin ya fi duka sauƙi, kuma komawa ne ga abin da tsohon makewayi ke samu kyauta, wato bushewa. Kofi biyu na ruwa a watsa wa bango bayan wanka, a share gilashi da roba ko tsumma, a bar taga da ƙofa a buɗe, a ɗaga sabulu daga cikin ruwa. Sabulun wanka na ruwa, wanda yawancinsa dangin omo ne ba sabulu na ainihi ba, yana rage kantar sosai, haka ma sabulun ruwa da mata ke haɗawa a gida suna sayarwa a robobi. Masu gidajen wanka na kuɗi a bakin kasuwa da tashar mota, inda ɗaki guda ke karɓar mutane da yawa a yini, sun fi kowa sanin lissafin: sun fi son siminti ko tayil marar sheƙi, magudana mai faɗi, da yaro mai burushi da ke bi bayan kowane 'yan mutane, ba sa jira dauɗa ta kwana.

Dogon bahon ƙarfe yana ƙarewa. Duk gidan da aka yi wa kwaskwarima, abin da ake fara fitarwa ke nan, a daɓe wurin da tayil, a sa magudana a tsakiya, a kafa shawa da famfo a ƙasa daidai tsayin bokiti. Waɗanda aka cire, wasu 'yan gwangwan ke saye a kilo, wasu kuma suna bayan gidaje an mayar da su kwamin shayar da tumaki da shanu.